Keken Yana Wajen Gyara

Lahadi, 5 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Shekaruna tamanin da ɗaya, kuma ba na neman tausayin kowa. Na fara da wannan ne domin tun makon jiya duk wanda ya shigo gidan nan sai ya karkata kai gefe kafin ya gaishe ni, kamar mai duban kaza marar lafiya. Haƙorana nawa ne, ban da biyu. Ina karanta jarida ba tare da na ɗora yatsa a kan layi ba. Na koyar da harshen Latin a babbar makarantar garin nan har na yi ritaya, kuma rabin lauyoyin Zwolle har gobe suna gyara tsayuwa idan suka hango ni a kasuwa.

Rutger ya zo cin abincin rana. Shi ne ɗana tilo, mutumin kirki, sai dai kirkinsa yana da nauyi. Ya zo da furanni, da miya a roba, da hotunan wani ɗaki da ya gyara mini a bayan gidansa a Amersfoort. Ɗakin ba shi da matakala, ba shi da dokin ƙofa, banɗakinsa kuwa duk ƙarafan riƙewa ne.

"Mama, ba cewa na yi yau ba," in ji shi. "Amma ki duba. Kanti ya yi miki nisa a ƙasa. Bas ta daina biyowa ta layin nan. Keke kuma..."

"Keken yana wajen gyara."

"Mama."

"Miyar nan gishirinta ya yi yawa. Ka gaya wa matarka cikin hikima."

Mun rabu a kan haka: zai dawo ranar takwas ga Nuwamba. Idan har lokacin maƙwabciya ce ke yi mini cefane, zan fara haɗa kaya in bi shi. Na ba shi kalmata, kuma ban taɓa janye kalma ba. A gidan nan na zauna tun ina amarya, a cikinsa mijina Egbert ya rasu, kuma a cikinsa nake nufin in ci gaba da dafa kofina.

Game da abin da ya faru a kan gada ba ni da abin cewa. An yi ruwa a ranar, duwatsun gadar kuwa tun zamanin kakata suke da santsi.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan abincin rana

Akwai wata ƙungiyar mata da ke haɗuwa duk Talata da safe a filin wasa na tsohuwar makarantar firamare, suna koya wa matan da ba su taɓa hawa keke ba. Likitar kunne ce ta ba ni takardarsu. Ban san dalilinta ba. Mai yiwuwa ta ji labarin iya koyarwata. Na ga bai dace mace mai ilimi ta zauna a gida ba alhali ana neman masu taimako, don haka na tafi.

Shugabarsu sunanta Odilia. A Paramaribo, can ƙetaren teku, aka haife ta, ta yi shekaru tana tuƙa bas ɗin cikin gari, kuma har yanzu tana magana kamar akwai fasinja a kujerar ƙarshe da bai ji ba. Na gabatar da kaina da cikakken suna, Aleid Brinkhuis, ina ce mata "ku" kamar yadda ake yi wa wanda ba a sani ba. Ita kuwa "ke" ta yanka mini tun daga kalmar farko.

"Kin zo koyo ne ko koyarwa?"

"Na fara hawa keke tun kafin a haifi mahaifiyarku."

"Madalla. Ina keken?"

"Yana wajen gyara."

Ta dubi takalmana da suka jiƙe da tafiya, ta dubi gefen goshina inda shacin buguwa bai gama washewa ba, sannan ta ce, "To, Allah ya ba shi lafiya."

Tsarin aikinsu ya ba ni sha'awa, ko da yake ban nuna ba. Ana cire feda gaba ɗaya, a saukar da sirdi har ƙafafu su taka ƙasa, mace ta riƙa tura kanta kamar agwagwa. Mai taimako ba ta taɓa keken ko kaɗan; bayan kwat ɗin ɗaliba take riƙewa. Odilia ta ce idan ka riƙe keke, keken ne ya dogara da kai, matar ba ta koyi komai ba. Akwai kuma doka guda: duk wadda ta faɗi, sai ta tashi ta ce "na faɗi" da ƙarfi kowa ya ji, kuma ita za ta fara zaɓar kek a lokacin kofi. Na ga wannan yarinta ne.

An ba ni wata mai suna Nurten. Ta haura sittin, daga Turkiyya ta zo tana amarya, mijinta ne ke kai ta ko'ina a mota har ya rasu a farkon shekarar nan. Motar tana nan a ƙofar gidanta, ganye na taruwa a kanta. Tana so ta riƙa zuwa kasuwa da maƙabarta ba tare da ta jira wani ya sami sarari ba.

"Yaya, kada ki sake ni," in ji ta.

"Ba na sakin ɗaliba sai ta iya."

"To a makaranta nawa kika kashe kafin su iya?"

Ban ba ta izinin ta kira ni Yaya ba, amma ban ga ta inda zan hana ba, tunda hannuna yana cikin kwat ɗinta.

Laraba, 8 ga Oktoba, da safe

Ƙafafuna suna da ƙorafi game da tafiyar jiya. Ban saurare su ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, da hantsi

Maƙwabciyata ta kawo cefane. Yarinya ce mai hankali, amma na rubuta mata tsohon cuku, ta kawo sabo, mai laushi kamar sabulu, wai ya fi sauƙin tauna. Ta kuma lura cewa ina shan kofi da yawa. Ban taɓa sanin cewa abin da ke cikin kwandon mutum sirri ne ba sai da wani ya fara ɗauko mini shi.

Na gode mata. Na iya godiya. Ba na son yawan yin ta ne kawai.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Yau Nurten ta ɗaga ƙafafunta biyu daga ƙasa, ta tafi kamar tsawon tebur uku, ni ina biye da ita da sauri irin wanda ban yi ba tun da daɗewa. Daga nan ta waiwayo don ta ga ko na gani, sai ta kife a kan ciyawa. Ta tashi tana kakkaɓe gwiwa, ta ɗaga hannu kamar mai karɓar lambar yabo.

"Na faɗi."

Aka tafa mata. Ta zaɓi kek mai tuffa, wanda kowa ya san shi ne ya fi daɗi.

"Da gangan kika yi," na ce mata.

"Yaya, da za a iya faɗuwa da gangan haka, da tuni na shiga fim."

A ƙarshen filin akwai wani abu lulluɓe da tamfol. Odilia ta yaye shi saboda wata mata 'yar Eritiriya mai suna Letay, wadda ƙugunta ba ya barin ta hawa na kowa. Keke ne mai ƙafa uku, na manya, shuɗi, da kwando a baya wanda zai ɗauki ɗan maraƙi. Letay ba ta taɓa zama a kan sirdi ba a rayuwarta. Ta hau, ta taka, ta zagaye filin kamar a kansa aka haife ta, tana ɗaga wa mutane hannu.

"Malama," in ji Odilia, ba tare da ta dube ni ba, "ko za ki gwada mana shi, mu ji ra'ayin ƙwararriya?"

"Na hau irinsa ina shekara uku. Ja ne. Ban ga abin da zan ƙara sani ba."

"Yana nan dai. Ba ya cin abinci."

A garin nan irin wannan keke na mutum biyu ne: wanda bai fara ba, da wanda ya gama. Ni ban shiga ko ɗaya ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da safe

Da na tashi ɗakin ya yi abin nan nasa na juyawa. Na zauna a bakin gado na jira ya gama. Bai daɗe ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Rutger ya bugo waya yana tambayar launin da nake so a bangon ɗakin. Na ce ya shafa wanda zai dace da injin yankan ciyawa, tunda shi zai zauna a ciki.

"Mama, na buga wa mai gyaran kekenki waya. Ya ce bai ga kekenki ba tun bara."

"Ba shi kaɗai ne mai gyara a ƙasar nan ba."

Ina jin numfashinsa, irin na babansa idan yana neman kalmar da ba za ta jawo faɗa ba.

"Ni ne aka kira daga asibiti, Mama. Ina cikin taro. Ba na so a sake kirana haka."

Na ce masa ruwan shayina yana tafasa, kuma gaskiya ne.

Bayan na ajiye wayar na leƙa rumfar da ke bayan gida. Keken yana nan jingine yadda mutanen da suka kawo shi daga gada suka bar shi. Ƙararrawarsa tana aiki.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan abincin rana

Zan rubuta wannan daidai yadda ya faru, domin na san za a ba da labarinsa ba daidai ba.

Lokacin da matan suka shiga shan kofi, na tsaya a waje don in sha iska. Keken mai ƙafa uku yana tsaye babu kowa. Na ga ya kamata a ce wani mai sani ya duba ko birkinsa na da kyau, saboda lafiyar Letay. Na hau. Na taka feda sau biyu. Keken ya nufi hagu. Na umarce shi ya yi dama, ya ƙara yin hagu. Na karkata jikina kamar yadda kowane mai hankali zai yi, shi kuwa ya tafi kai tsaye, a hankali, cikin natsuwa, ya shigar da ni cikin shingen itatuwa har kafaɗa.

Da na fito da kaina daga cikin ganye, duk suna tsaye a taga da kofuna a hannu.

Odilia ta fito tana share hawaye. "Duk 'yan ƙasar nan haka kuke. Kowace Talata sai shingen nan ya ci Baholandiya."

"Keken yana da matsala. Yana ja gefe."

"Letay, kekenki yana ja gefe?"

"A'a," in ji Letay. "Sai dai idan ita ce a kai."

Odilia ta yi bayani, kuma dole in yarda bayanin yana da ma'ana. Filin ya ɗan gangara wajen magudanar ruwa. Mai ƙafa biyu yana tsayawa tsaye ko ƙasa ta karkace, amma mai ƙafa uku yana bin karkatar ƙasa. Jikin da ya saba da keke tun yarinta, da ya ji an karkata, sai ya ɗauka faɗuwa za a yi, ya juya kan keken wajen gangaren don ya ceci kansa, ba tare da ya nemi shawarar ƙwaƙwalwa ba. Wadda ba ta taɓa hawa ba ba ta da wannan ɗabi'a. Juya kai kawai take yi ta tafi.

"Wato iyawata ce ta kai ni shinge."

"Ita ce. Wannan bas ne, Malama, ba keke ba. A bas ba ka kwanciya a kwana. Ka zauna daram, ka juya sitiyari."

Daga nan aka shiga muhawara ko na cancanci fara zaɓar kek. Nurten ta ce na cancanta. Na ce ban faɗi ba, shiga shinge na yi, kuma har lokacin ina kan sirdi. Aka jefa ƙuri'a, na yi nasara, aka bar mini wani busasshe mai zabibi.

Laraba, 22 ga Oktoba, da hantsi

Shiga shinge ba faɗuwa ba ne. Na duba ƙamus biyu.

Juma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Nurten ta buga ƙofata da rana, ba tare da ta yi waya ba, abin da ba a yi a layin nan. Tana ɗauke da tire na waina mai cuku da alayyafo, da makullin ɗakin ajiyar ƙungiya. Odilia ce ta ba ta.

"Filin babu kowa ranar Juma'a," in ji ta. "Ni ina buƙatar ƙarin koyo. Ke kuma za ki iya ci gaba da duba birkin nan."

Muka tafi. Na riƙe kwat ɗinta ta zagaya, yanzu da feda. Sannan ta sauka ta riƙe nawa.

"Zauna kamar buhun dankali, Yaya."

"Ban taɓa zama kamar buhun dankali ba."

"Shi ya sa. Saki kafaɗa. Kina zaune kamar za a ɗauke ki hoto."

Na sa hannu ɗaya a bayana kamar yadda Odilia ta nuna, na tuƙa da ɗayan, don jiki ya rasa abin kamawa ya yi gardama. Na kai ƙarshen filin ba tare da na gaisa da shinge ba. Na dawo. A zagaye na uku na ji ina rera wata waƙar makaranta da na manta na sani.

Muka zauna a kan benci muka ci wainar. Ashe ita ma ɗanta ya gyara mata ɗaki a Rotterdam.

"Da talabijin kamar ƙofar gareji," in ji ta. "Wai in huta. Na ce masa, ɗana, hutun me? Shekara arba'in ina hutawa a kujerar gefen direba."

"Ni nawa kuwa, ƙarafa ya sa a banɗaki," na ce.

"Allah ya yi musu albarka, su bar mu mu sha iska."

Ta tambaye ni me ya sa nake ƙin keken, tunda ga shi na fara iyawa. Na ce ba na ƙin sa a cikin fili mai shinge. Titi ne matsalar. A titi akwai mutanen da na kayar a jarrabawa.

"Ni fa?" in ji ta. "Tsohuwa da ɗankwali da doguwar kwat, ina tangaɗi kamar wadda ta sha. Jiya matan layinmu sun leƙo ta taga. Na kaɗa musu ƙararrawa."

Talata, 28 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Yau ni na fara zaɓar kek. Na ɗauki mai tuffa.

Kwanar da ke kusa da magudana ce. Na shige ta da gudu fiye da kima, tayar baya ɗaya ta ɗaga, ciyawa kuwa tana da laushi. Na furta kalmomi biyun da doka ta tanada. Na ɗauka a nan zan tsaya, sai na ji bakina ya ci gaba, ya ƙara wasu game da gada, waɗanda ba zan maimaita su a nan ba.

Babu wadda ta karkata kai. Odilia ta ce, "To," ta zuba mini kofi. Letay ta ce kakarta ma ɗaki yana yi mata haka, kuma ta kai shekara casa'in da biyar tana zagin awaki. Nurten ta ce idan ba zan cinye ɓawon kek ɗin ba in miƙo mata.

Na lura cewa na ce wa Odilia "ke" sau biyu. Ba ta nuna ta ji ba, ni ma haka.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da yamma

Ɗakin ya yi abinsa har hantsi. Ban fita ba. Na naɗe kofunan mahaifiyata a cikin jarida na jera a kwali, sannan na zauna ina kallon kwalin.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da safe

Na warware kofunan. Ina buƙatar jaridar.

Talata, 4 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Yau ranar fita titi ce. Duk wadda ta kai matakin, ana jera su a bi da su kasuwa, Odilia a gaba. Aka raba mana riguna masu ƙyalli, ruwan ɗorawa, irin na masu gyaran hanya. Na sa tawa a kan kwat ɗin ulu mai kyau. Letay tana da ganin likita, don haka mai ƙafa ukun ba shi da mahayi, kuma an ga bai kamata a bar shi ba motsi.

Babu wanda ya gaya mini ta gada za a bi. Babu kuma wata hanyar zuwa kasuwa, na san da haka tun kafin a haife su duka.

Mun hau gangaren lafiya. A tsakiyar gadar, daidai wurin, sai abin ya zo. Ruwa ya koma sama, gidaje suka fara tafiya. Na matse birki. Ƙafata ta fita neman ƙasa da kanta, kamar wancan karon, sai ta tarar babu buƙata. Keken yana tsaye. Na zauna a kansa kamar a kujerar falo, hannuwana a kan ƙarfe, na jira duniya ta gama abin da take yi.

Na ji ƙarar birki a gefena. Nurten ce, ƙafafunta biyu a ƙasa, idanunta waje.

"Yaya, kin gani? Na tsaya. Na tsaya ban kife ba."

"Na gani."

"Ba ki gani ba, idonki a rufe yake."

"Na ji."

Ta tsaya tare da ni tana ba ni labarin farashin tumatir har gidajen suka koma wurarensu. Odilia ta tsayar da sauran a gindin gada, tana nuna musu agwagi kamar su ne dalilin tsayawar.

A lokacin ne wani mutum mai furfura da jakar fata ya rage tafiya a kan kekensa. Na gane shi nan take: Wubbo Kamphuis, alƙali ne yanzu, a da kuwa yaro ne da ba ya bambance aikatau da suna. Ya dubi rigar, ya dubi tayoyin uku, kansa ya fara karkata.

"Malama Brinkhuis? Ku ne?"

"Ni ce, Kamphuis. Miƙe wuyanka, kuma ka matsa, kana tare wa ɗalibaina hanya."

Ya miƙe wuyan. Ya matsa.

Na sayi tsohon cuku da hannuna, mai tauri, wanda wuƙa ke kuka a kansa. Na sayi garin kofi, ƙunshi biyu. Mai cukun ya ce kwandon nan zai ɗauki rabin rumfarsa, na ce ya rage farashi mu gwada.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

An samo wa Letay wani mai ƙaramin sirdi da ya fi dacewa da ƙugunta, don haka ƙungiya ta ba ni aron shuɗin har in sayi nawa. Na tuƙo shi gida da kaina, Odilia tana biye da ni. Duk layin sun ga wucewata. Na kaɗa ƙararrawa a ƙofar maƙwabciyata.

Sai ga abin da babu wadda ta yi tunaninsa. Keken ba ya shiga ƙofar lambu. Tayoyin baya sun fi ta faɗi da kamar yatsu uku. Mun gwada ta gaba, mun gwada ta baya, mun gwada a karkace har Odilia ta ambaci wasu kalmomi da ba a koyarwa a makaranta. Babu wata hanyar zuwa rumfa sai ta nan. A titi kuwa ba zai kwana biyu ba. Ko ɓarayi ko tsatsa.

Ƙofar tana tsakanin ginshiƙai biyu na jan bulo. Egbert ne ya gina su da hannunsa a shekarar da muka tare. Akawu ne, bai taɓa riƙe cokalin gini ba kafin nan, bai kuma sake ba. Na hagun ya karkace tun ranar farko. Duk baƙon da ya zo sai ya tsayar da shi a wurin ya nuna masa.

"Akwai masu ƙaramin faɗi," in ji Odilia, "amma sai an yi oda, wata biyu ko uku."

"Jibi Rutger zai zo."

"Na sani."

Ta tafi da keken ta mayar ɗakin ajiya. Na daɗe a tsaye a wurin da hannuna a kan ginshiƙin hagu. A samansa akwai wurin da babban yatsan Egbert ya nutse a cikin siminti.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Na buga wa Rutger waya a wurin aiki, abin da ba na yi.

"Mama? Lafiya? Me ya faru?"

"Lafiya ƙalau. Gobe kada ka zo da babbar mota. Ka zo da safar hannu ta aiki."

Na gaya masa komai bi da bi: ƙungiyar, keken, kasuwa, cukun. Na gaya masa har abin da ya faru a kan gada ranar Talata, domin ba na so ya ji a bakin Kamphuis.

"Idan jirin ya sake zuwa miki a hanya fa?" in ji shi.

"Zai sake zuwa. Sai in tsaya in zauna. Ranar da ɗakin ya tashi da rigima kuwa, ba zan fita ba. Ban tsufa da wauta ba."

"Za ki riƙa ɗaukar waya a aljihu? A kunne, Mama, ba a kashe cikin aljihun tebur ba."

"Zan ɗauka."

"Ki bari in zo gobe mu zauna mu yi magana a kai tukuna. Kada ki yanke komai."

"Safar hannun ta kwashe bulo ce, Rutger."

"Wane bulo?"

"Na ginshiƙin hagu."

"Ginshiƙin Baba?"

"Babanka mutum ne mai daraja, amma bai iya gini ba, kuma dukanmu mun sani. Maginin da na kira ya ce yana taɓa shi ya zube."

Na ji wani sauti a wayar, ban tantance ko dariya ba ce ko wani abu. Mai yiwuwa duka biyun. Ya ce zai zo da yaransa su taya shi.

Maginin ya zo da safe, kafin azahar ya gama. Bulon yana jibge a kan ciyawa, na ware guda ɗaya na ajiye a kan tagar kicin. Nurten ta rako ni muka ɗauko keken, ya shige ƙofar har da sauran wuri, yanzu yana cikin rumfa a kulle.

Ba zan tafi Amersfoort ba. Na rushe ginshiƙin, na sa hannu a takardar odar keke nawa na kaina, baƙi, kuma na ba Odilia sunana a cikin masu riƙe kwat har ƙarshen hunturu. Gobe akwai kasuwa. Na gaya wa Rutger idan ya iso kafin sha ɗaya, ya fara kwashe bulon, zai same ni idan na dawo.